Ku Riƙa Gaya Mana Sunan Furen

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ƙorafi ne ya kawo ni. Na yarda tun farko ƙarami ne, irin wanda sai mutumin da ya ajiye aiki yake samun lokacin yinsa. A fitowarku ta ƙarshen makon jiya kun cika shafi guda da hotuna huɗu na wani lambun tsirrai. Hotunan sun fito tas, wanda ya ɗauke su ya san aikinsa. Sai dai abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu layi ɗaya ne tak, wai furanni masu ban sha'awa. Babu sunan ko ɗaya, babu inda ya fito, babu abin da ake yi da shi. Da hoton mutane huɗu kuka buga kuka rubuta "mutane masu fara'a", na san da wayarka ba ta huta ba ranar.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne hoto na biyu, ɗan furen nan ruwan hoda mai ganye biyar da ɗigon ja a tsakiya. Na san shi. Ba don ina da ilimin tsirrai ba, ni lissafi na koyar har na yi ritaya. Na san shi ne albarkacin wuni guda da na yi bara, cikin watan Yuli, a lambun Kew da ke yammacin Landan a bakin kogin Tems, ni da 'yata da ɗanta mai shekara 9. Ka yi haƙuri in ba ka labarin, don ta nan ne kawai zan iya nuna maka abin da layin nan naku ya ɓoye wa masu karatu.

Ban tafi da ɗoki ba. A zatona wurin zaman ciyawa ne da ɗaukar hoto, ga shi gwiwata ta dama ba ta son doguwar tafiya. Wurin kuwa ya haura eka 300. Gimbiya Augusta, mahaifiyar Sarki George na Uku, ita ta fara shi a 1759 da eka 9 kacal, aka yi ta ƙarawa har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. 'Yata ta zo da taswira a waya, ta tsara wurare fiye da goma da za mu zaga kafin a rufe. Muna shiga na ce mata, ke dai je ki da taswirarki, ni da wannan yaron za mu bi ƙafata. Ta ce, "Baba, a haka ba za ku ga komai ba." Na ce mun ji.

Yaron ne ya fara lura da alluna. Kowane itace, kowane ɗan tsiro, yana da ɗan allo baƙi mai farin rubutu, ko an kafa shi a ƙasa ko an rataya a jikinsa. A kai akwai dangin da tsiron ya fito, da sunansa na Latin, da ƙasarsa ta asali, sai wata lamba wadda takan fara da shekarar da aka shigar da shi rajista. Sunan kullum kalma biyu ne, ta farko ta zuriya, ta biyu tasa shi kaɗai. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita wannan tsari a 1753, kuma amfaninsa a fili yake: tsiro ɗaya yana iya samun suna ashirin a harsuna ashirin, amma in aka rubuta kalmomin nan biyu, masanin Japan da na Barazil sun san abu guda ake nufi. Da na gane lambar nan tana ɗauke da shekara, sai malamin lissafin da ke cikina ya farka. Na ce wa yaron, daga yanzu duk inda muka tsaya kai za ka cire mini shekarun. Ya ɓata rai, amma ya yi.

Muka shiga babban ɗakin gilashin da ake ajiye dangin kwakwa da dabino. An gina shi tsakanin 1844 da 1848, ƙarfe ne da gilashi zalla, kuma dabarar maƙeran jirgin ruwa aka aro, shi ya sa in ka tsaya daga nesa yake kama da jirgin da aka kifar. Ina sa ƙafa ciki tabarauna ya rufe ruf da tururi. Na tsaya kamar makaho, ɗumi da laima suka lulluɓe ni, ruwa na ɗiga daga ganyayyaki a kan hulata, jikana yana ta dariya. Sai da na goge da bakin riga sau uku kafin gilashin ya saba.

A can ƙarshen ɗakin akwai wani abu a cikin ƙaton akwati. Ka gan shi ka ce kwakwa ce da ta gaji, gangar jikinsa ta kwanta gefe, an tokare ta da sandunan ƙarfe kamar tsoho mai dogara sanda biyu. Ba kwakwa ba ce, wani tsohon dangi ne na tsirrai da suke duniya tun kafin a samu masu fure. Allon ya ce Encephalartos altensteinii, daga gabashin yankin Kef a Afirka ta Kudu. Wani ma'aikacin lambun mai suna Francis Masson ya haƙo shi, ya ɗora shi a jirgin ruwa, ya iso a 1775. Yaron ya yi lissafi a tafin hannu, ya ɗago ya ce, "Kaka, na yi kuskure." Na duba, na ce ba ka yi ba. Shekara 250 ke nan, ko gab da haka, yana cikin tukunya. Tsawon da yake ƙarawa a shekara bai wuce santimita biyu da rabi ba, gaɓar yatsa ɗaya. Sau ɗaya tak ya taɓa fitar da kan nan mai kama da abarba da irinsu ke haihuwa da shi, a 1819. A 2009 aka sauya masa akwati, sai da aka kawo na'urar ɗaga kaya domin nauyinsa ya kai tan guda.

Na daɗe tsaye a gabansa, kuma ba tsiron nake kallo ba sosai. Wata budurwa ce ta zo da tiyo, ta tura yatsa cikin ƙasar akwatin, ta ɗan yi jim, ta ba shi ruwa kaɗan ta wuce. Abin da ya zo mini shi ne, itacen daji ruwan sama ke shayar da shi, amma na cikin tukunya in an manta da shi ya tafi. Tun 1775 ke nan ba a taɓa samun lokacin da kowa ya manta ba. Sarakuna sun mutu, yaƙin duniya biyu sun zo sun wuce, masu ba shi ruwa sun tsufa sun mutu wasu sun gaje su, kuma kowanne ya miƙa wa na bayansa da suna da lamba da bayanin yadda yake son ƙasarsa. Na yi aiki a inda rajistar shekara biyar kan ɓace, don haka na san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A ɗakin nan ne na ga furenku na hoto na biyu. Yana can ƙasa a gefen hanya, ba wanda ke tsayawa a kansa, ni ma gwiwa ce ta sa na tsaya. Catharanthus roseus, asalinsa tsibirin Madagaska, ko da yake yanzu ya bazu duk ƙasashe masu zafi, ana shuka shi don ado, har a kan juji yakan fito. A shekarun 1950 wasu masu bincike a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suna gwada shi saboda an ce yana maganin ciwon sukari. Ba su sami abin da suke nema ba. Abin da suka gani shi ne yana rage fararen ƙwayoyin jini, sai suka bi wannan zaren. Daga ganyensa aka fitar da magunguna biyu, vinblastine da vincristine, kuma na biyun yana cikin magungunan da suka mayar da sankarar jinin yara daga ciwon da kusan ba a tashi zuwa wanda yawancin yaran da suka sami cikakken magani suke warkewa. Har yau daga ganyen ake samo tushen maganin, kuma sai an tara ganye mai ɗimbin yawa kafin a sami ɗan kaɗan. In ƙara da gargaɗi, don na san halinmu da jin an ce ganye na magani: tsiron guba ne, ba a dafa shi a sha. To wannan ne kuka kira fure mai ban sha'awa kuka wuce. Rashin sani ai shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ba duk abin da allunan suka tuna mini ne ya yi mini daɗi ba. Akwai itacen roba a ɗakin, Hevea brasiliensis. A 1876 wani Bature ɗan Ingila, Henry Wickham, ya kwaso ƙwayar irinsa kimanin 70,000 daga dajin Amazon ya kawo lambun nan. Kaɗan ne suka tsira, ba su kai kashi 4 cikin 100 ba, amma waɗannan kaɗan ɗin aka aika Siri Lanka da Singafo, daga nan gonakin roba na Asiya suka tashi, kasuwar robar Barazil ta durƙushe. A Barazil da yawa ɓarawo suke kiransa, kuma ni dai ban ga laifinsu ba. Lambun mai kyau ne, amma hannun mulkin mallaka ne ya tara kaya da yawa a cikinsa, kuma allon da ke faɗin ƙasar asali shi ne shaida. Wannan ma wani dalili ne na rubuta suna.

Da muka fito na nemi benci a bakin tafki na zauna, yaron ya tafi bin kurege. Kuregen wurin masu ruwan toka ne, 'yan asalin Amurka ta Arewa da aka shigo da su a ƙarni na 19, kuma sun kori jajayen da aka tarar daga yawancin Ingila. Ba su da kunya ko kaɗan, ɗaya har ya hau takalmina yana leƙen aljihu. A sama kuma wasu korayen tsuntsaye masu dogon bindi da jan baki suna ta ƙara suna wucewa garke-garke. Tsirya ce. Tsuntsuwar ƙasashe masu zafi, ta Afirka da Indiya, wadda kakanninta suka kuɓuce daga keji, yanzu ga ta dubbai tana sheƙa a kogon itatuwan Landan, sanyi bai hana ta komai ba.

Amma zalɓe ne ya biya ni kuɗin gwiwata. Yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, bai fi taku goma daga inda nake ba, kuma na fi minti biyar a wurin kafin in gane ba gunki ba ne. Ko gashinsa ba ya motsi. Agwagi suna iyo ta gabansa, yara suna ihu, bai kula ba. Can sai wuyansa ya fara naɗewa a hankali, a hankali, kansa ya karkata gefe kamar mai sauraren gulma. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya riƙe ta a sama har na gaji da jira, ya ajiye ta ba tare da ruwan ya ko girgiza ba. Saran kansa ban gan shi ba. Na dai ji fal, sai ga ɗan kifi a gicciye a bakinsa yana wutsil-wutsil. Ya jefa shi sama kaɗan, ya juya shi kai ya fara shiga don kada ƙaya ta tokare, na ga kumburin yana gangarawa ta dogon wuyan. Ya kurkure baki a ruwa, ya koma yadda yake. Mutum ya kai talatin da suka wuce ta bayana a lokacin, kowa da waya a hannu, ban ga wanda ya gani ba. Jikana ya dawo ya tarar an gama, har yau bai yafe wa kuregen ba.

Ɗakin bado ƙarami ne, zagayayyen tafki ne kawai a ƙarƙashin gilashi, amma ganyen da ke ciki kowanne ya fi tabarma faɗi, gefensa a naɗe kamar faranti. An kifar da guda ɗaya don mutane su ga ƙasansa: jijiyoyi masu kauri sun sarƙe kamar ƙarafan rufin ɗaki, iska a tsakaninsu, ga ƙaya ko'ina don kifi kada ya ci. Zuriyarsu Victoria, daga Amurka ta Kudu. Furen dare biyu kawai yake yi. Daren farko fari ne, yana ɗumi yana ƙamshi, wani ƙwaro dangin buzuzu ya shiga, furen ya rufe da shi. Dare na biyu ya buɗe ya zama ruwan hoda, ya sake ƙwaron jikinsa duk garin barbara, ya tafi neman wani farin. Abin da ya fi ba ni dariya, sai a 2022 aka tabbatar ashe iri uku ne ba biyu ba. Na ukun, Victoria boliviana, wanda ganyensa kan haura mita 3, busasshen samfurinsa ya shekara 177 a ma'ajiyar lambun da sunan da ba nasa ba. Ka ga su ma masanan sukan yi kuskuren suna, sai dai su da suka rubuta wani abu sun sami abin gyarawa.

Ƙanensa kuma, bado mafi ƙanƙanta a duniya, ganyensa kan yi kamar farcen yatsa. Nymphaea thermarum, daga bakin wani marmaro mai zafi a Ruwanda. Wajen 2008 aka neme shi a can aka rasa bayan an karkatar da ruwan. 'Yan ƙwayoyin da suka rage sun ƙi girma a hannun kowa, sai a 2009 wani ma'aikacin Kew, Carlos Magdalena, ya gano kuskuren: ana nutsar da shi cikin ruwa kamar sauran bado, alhali shi a taɓo mai ɗumi yake so, ganyensa na shan iska. An sake ganinsa a daji a Ruwanda a 2023.

Mun wuce wata hasumiya mai hawa goma irin ta ƙasar Sin da aka gina a 1762, ban ko yi tunanin hawa ba. Mun shiga wata ƙatuwar amya ta ƙarfe mai tsawon mita 17, fitilunta na ƙyaftawa daidai da motsin ƙudan zuma na gaske da ke wata amya a lambun. Yaron ya so ta, ni kaina ta juya.

A ɗakin gilashi mafi girma, wanda aka sake buɗewa a 2018 bayan gyaran shekara biyar, muka sami ɗan'uwan tsohon nan na cikin akwati, Encephalartos woodii. A irinsu akwai namiji akwai mace, sai an haɗu ake samun ƙwaya. A 1895 John Medley Wood, mai kula da lambun tsirrai na Durban a Afirka ta Kudu, ya ga gindi guda mai kututture huɗu a dajin Ngoye a ƙasar Zulu, namiji. Daga ranar zuwa yau an bi dazuzzuka an duba, ba a taɓa ganin mace ba, ba a ma ga wani namijin ba. Duk wanda ke duniya yanzu daga 'ya'yan gindin wancan ɗayan aka ɓalle shi, kamar yadda ake raba ayaba. Na Kew ya iso a 1899. A daji babu shi kuma. Yaron ya karanta, ya yi shiru, ya ce, "Kaka, to in an ga macen fa?" Na ce ai da an yi biki. Ya ce, "In wani ya gan ta bai san sunanta ba fa, ya sare?" Ban ba shi amsa ba. Tambayar nan tasa ce ta dawo mini da na buɗe shafinku.

Da la'asar 'yata ta same mu, ta zaga wurarenta duka, ƙafafunta sun kumbura. Ta ɗauki yaron suka hau wata gada da aka yi a tsakanin kawunan itatuwa, mita 18 daga ƙasa. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma ranar dai shi ya hau shi ya gani, ni ina ƙasa ina tausa gwiwa. Kafin mu fita na sa suka raka ni wurin wani tsohon itace da Turawa ke kira oak, wanda aka dasa a 1798. A guguwar watan Oktoba na 1987, wadda ta kayar da itatuwa miliyan 15 a kudancin Ingila, ɗaruruwa a lambun nan kaɗai, iska ta ɗaga shi da saiwarsa duka ta sake dire shi a raminsa. An sa shi cikin waɗanda za a sare. Kafin a zo kansa sai aka ga ya fi da lafiya, ganye ya cika. Ashe tafiyar mutane shekara da shekaru ce ta danne ƙasar gindinsa har saiwa ba ta samun iska da ruwa, guguwa ta zo ta sassauta. Daga nan suka koyi hura iska cikin ƙasa a gindin tsofaffin itatuwa. Irinsa kuwa ba ya cikin waɗanda ake iya ajiyewa a rumbun iri da lambun ya buɗe a 2000 a Wakehurst, wani reshensa a kudancin Ingila, inda ake busar da ƙwaya a adana ta a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Ƙwayar oak, kamar ta roba da ta koko, in ta bushe ta mutu. Irin waɗannan sai dai a riƙe su da rai, a tsaye, wani yana zagayowa yana duba su.

Roƙona ke nan, Malam Edita. Duk lambun tsirrai na gaske yana da allunan nan, kuma mai ɗaukar hotonku yana tsaye taku ɗaya daga gare su. Ya sunkuya ya ɗauki allon bayan ya ɗauki furen, ba zai ci masa minti ɗaya ba. Ku buga sunan da mutane suka san shi da shi in akwai, ku sa na Latin a gefe, ku ƙara layi ɗaya kan inda ya fito. In wuri ne ya yi kaɗan, ku rage hoto ɗaya.

Hoto na farko bado ne, wannan kowa ya gane. Na biyu na faɗa muku. Na huɗu ina zaton dangin aloe ne. Na uku kuwa, mai jan fure da ke rataye kamar ƙararrawa, na aika wa jikana ta waya, mun yi kwana uku muna nema mun kasa. Don Allah a tambayi mai hoton ko ya tuna a wane sashe na lambun ya ɗauke shi. Na yanke shafin na sa a ƙarƙashin gilashin teburina, na bar wuri a ƙasan hoton inda zan rubuta da biro.

Naka mai karatu kullum,
Wani tsohon malamin lissafi